Shekarar Da Baɗi Ta Zama Bana: Labarin 'Yan Besbol Na Brooklyn A 1955

A ƙasar Amurka akwai wani wasa da ake kira besbol, wanda mutanen can suka ɗauka da girma ƙwarai, har sukan ce shi ne wasan ƙasarsu. Gwanayensa ba su da wata sana'a sai shi, da shi suke ci, da shi suke sha, ƙungiyoyinsu kuwa dukiyar attajirai ce, ana saye ana sayarwa kamar yadda ake cinikin kanti. Wannan labari na ɗaya daga cikin ƙungiyoyin nan ne, wadda ake kira Dodgers, ta unguwar Brooklyn a birnin Niyu Yok, da abin da ya gudana gare ta a shekarar 1955. Sau bakwai tana zuwa bakin sarautar wasan tana komowa hannu wofi, sai a karo na takwas ta samu. Ba a yi shekara uku da samun ba mai ita ya kwashe ta ya kai wani gari mai nisan fiye da mil 2,000. Ciniki ne ya kawo nasarar, ciniki ne kuma ya ɗauke ƙungiyar, kamar yadda bayani zai zo.

Kaifiyyar wasan

Kafin a shiga labari, ya kamata mai karatu ya san yadda ake wasan. Ƙungiya biyu ke karawa, kowace da mutum tara. Ƙwallon ɗan ƙarami ne kamar lemo, mai tauri, an naɗe shi da zare an rufe da fata. A cikin fili an shata zango huɗu a kusurwa huɗu, tsakanin kowane zango da na gabansa ƙafa 90. Na huɗun shi ake kira gida, daga nan ake tashi, nan kuma ake komowa. Ƙungiya ɗaya takan watsu cikin fili tana tsaro, majefinta a tsakiya, macafinta a tsugune bayan gida. Ɗayar kuwa mutanenta sukan zo gida ɗaya bayan ɗaya, kowa da kulkin itace mai tsawon kusan yadi guda. Majefi ya wurgo ƙwallo da iyakar ƙarfinsa da dabararsa, madoki ya kai masa duka. In ya same shi, sai ya yar da kulki ya sheƙa zangon farko, ya tsaya nan ya jira na bayansa ya buga, sa'an nan ya ƙara gaba. Duk wanda ya kewaye zangon nan ya komo gida lafiya, ƙungiyarsa ta ci ɗaya. In kuwa ya kuskure duka sau uku, ko aka cafe ƙwallon da ya buga tun bai taɓa ƙasa ba, ko ƙwallo ya riga shi isa zango, to, an kashe shi, kamar yadda ake kashe ɗan langa, sai ya koma gefe. In an kashe mutum uku, masu tsaro su zo duka, masu duka su tafi tsaro. Kowa ya yi nasa, turmi ɗaya ke nan, turmi tara kuwa shi ne wasa. Bugun da ya fi kowane daraja shi ne wanda ya tsallake katangar fili, gama mai shi da duk waɗanda ke kan zango sai su taka su komo gida, ba mai tare su.

A wancan zamani manyan ƙungiyoyi 16 ne, an kasa su rukuni biyu, takwas takwas, watau Rukunin Ƙasa da Rukunin Amurka. Kowace ƙungiya takan yi wasa 154 daga watan Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ba hutu. Wadda ta fi cin wasa a rukuninta ita ce zakaransa. Sa'an nan zakarun biyu su kara, wanda ya riga cin wasa huɗu cikin bakwai shi ne sarkin shekara. Wannan karo suke kira Gasar Duniya, ko da yake a lokacin ƙungiyoyin duk na Amurka ne.

Mutanen "sai baɗi"

Brooklyn da can gari ne mai cin gashin kansa, sai a 1898 aka haɗe shi da Niyu Yok. A 1950 mutanensa sun kai miliyan biyu da dubu ɗari bakwai, akasarinsu ma'aikatan masana'antu ne da na tashar jirgin ruwa da 'yan tireda, 'ya'yan baƙi daga Italiya da Ailan, da Yahudawan gabashin Turai, da baƙar fata da suka taso daga kudancin Amurka. Sunan Dodgers ma'anarsa masu kaucewa, an laƙaba shi ne saboda yadda mutanen garin ke kauce wa taragon lantarki da ke bin titunansu. Filin wasansu, wanda ake kira Ebbets, an buɗe shi a 1913 a tsakiyar gidaje, ba ya ɗaukar fiye da mutum wajen 32,000. 'Yan wasan da dama a cikin unguwa suke zaune, ana gamuwa da su a kanti da wurin aski, don haka mutane suka ɗauke su tamkar 'yan gida.

Amma fa ƙauna ce mai ɗaci. Sun kai Gasar Duniya a 1916, Boston ta kā da su. Sun koma a 1920, Cleveland ta kā da su. Daga nan sai suka haɗu da maƙwabtansu na cikin birni ɗaya, watau Yankees, ƙungiyar da ta fi kowace dukiya da nasara, wadda kafin 1955 ta riga ta ci sarautar sau 16. A 1941 da 1947 da 1949 da 1952 da 1953 aka kara, duk sau biyar ɗin Yankees ne da galaba. Wanda ya fi ciwo ma shi ne na 1951. A watan Agusta Dodgers sun ba ƙungiyar Giants, ita ma ta Niyu Yok, tazarar wasa 13 da rabi, kowa ya ce magana ta ƙare. Giants suka yi ta bin sawu har suka cim musu, aka yi wasa uku na raba gardama, a turmin ƙarshe na wasan ƙarshe, ran 3 ga Oktoba, wani da ake kira Bobby Thomson ya buga ƙwallo ya tsallake katanga, Giants suka ci 5 da 4. Kowace kaka in haka ta faru, sai mutanen Brooklyn su girgiza kai su ce a jira baɗi, kamar manomin da fari ya cinye wa gona, har maganar ta zama musu kirari, maƙwabta na yi musu ba'a da ita.

Cinikin Branch Rickey

Asalin nasarar 1955 yana can baya shekara goma. Tun ƙarshen ƙarni na 19 masu manyan ƙungiyoyi suka yi wata yarjejeniya da ba a rubuta ba, cewa ba za a ɗauki baƙar fata ba. Baƙaƙe suka kafa nasu ƙungiyoyi dabam, cikinsu kuwa akwai gwanayen da ba su da na biyu. Shugaban Dodgers na lokacin, Branch Rickey, mutum ne mai lissafi. Ya ga abin zalunci ne, ya kuma ga kasuwa ce cike da kaya masu kyau wadda sauran attajirai 15 suka ƙi shiga. A 1945 ya aika aka kirawo masa wani saurayi, Jackie Robinson, jikan bayi, haifaffen jihar Jojiya, wanda ya yi karatun jami'a a Kalifoniya ya kuma yi hafsa a soja. Ya gindaya masa sharaɗi mai nauyi, cewa a shekarun farko duk zagin da za a yi masa kada ya rama, ko da baki ko da hannu, domin rama ɗaya ta isa a ce gwajin ya ɓaci. Robinson ya yarda. Aka ba shi dala 3,500 na kafin alƙalami da dala 600 a wata, aka tura shi ƙaramar ƙungiyarsu ta Montreal a Kanada ya yi shekarar 1946, kāna ran 15 ga Afrilu 1947 ya shiga filin Ebbets da rigar Dodgers.

Abin da ya sha ba kaɗan ba ne. Waɗansu abokan wasansa suka tara sa hannu wai ba za su yi wasa da shi ba, abokan karawa suna zaginsa suna taka shi da takalma masu ƙusa, masaukai a waɗansu garuruwa suka ƙi saukar da shi, ana aiko masa da takardun barazanar kisa. Ya daure, ya zama gwarzon sababbin shiga na 1947, ya zama gwarzon rukuni duka a 1949. Da ƙofa ta buɗe sai Rickey da magadansa suka ci gaba da shigo da gwanaye: macafi Roy Campanella a 1948, majefi Don Newcombe a 1949, sa'an nan Joe Black da Jim Gilliam da wani mutumin Kyuba, Sandy Amorós. A 1954 har aka yi ranar da biyar cikin tara da Dodgers suka fito da su baƙaƙe ne, abin da ba a taɓa gani ba. Yankees kuwa ba su sa baƙar fata ko ɗaya ba sai a 1955, da suka ɗauki Elston Howard. Sai dai cinikin yana da tabo. Rickey bai biya ƙungiyar baƙaƙe ta Kansas City, inda Robinson ya fito, ko kwabo ba, kuma da gwanaye da 'yan kallo suka koma manyan filaye, ƙungiyoyin baƙaƙen suka durƙushe ɗaya bayan ɗaya, masu su suka yi hasarar jarinsu.

Rickey bai ci girbin abin da ya shuka ba. A 1950 abokin tarayyarsa, wani lauya mai suna Walter O'Malley, ya saye rabonsa a kan dala miliyan ɗaya da 'yan kai, ya zama mai faɗa a ji. O'Malley ba ya wasa da kuɗi. Manajan da ya ci wasa 105 a 1953, Charlie Dressen, ya nemi a ba shi wa'adin aiki na fiye da shekara guda, O'Malley ya sallame shi, ya kawo Walter Alston, mutum mai shiru, wanda a zamanin wasansa sau ɗaya tak ya riƙe kulki a manyan ƙungiyoyi, a 1936, kuma aka kashe shi bai kai zango ba. A shekararsa ta farko, 1954, Dodgers suka zo na biyu bayan Giants, hannun Campanella ya yi ciwo, jaridu suka fara cewa 'yan wasan sun tsufa, lokacinsu ya wuce.

Yadda shekarar ta gudana

An shiga 1955 da tsamin rai. Robinson, mai shekara 36, yana ganin Alston na neman ajiye shi a gefe, har suka yi cacar baki a gaban 'yan jarida. A farkon Mayu Newcombe ya ƙi yin jifan gwaji da aka umarce shi, aka dakatar da shi, ya ba da haƙuri ya komo, 'yan kwanaki bayan haka, a birnin Chicago, bugu ɗaya tak aka samu a kansa cikin turmi tara. Duk da wannan hayaniya, Dodgers suka ci wasa goma na farko a jere, suka ci 22 cikin 24 na farko, tun daga nan ba wanda ya sake jin ƙurarsu. Newcombe ya kai ƙarshen Yuli da nasara 18 da faɗuwa ɗaya, ya gama shekara da 20 da 5, ga shi kuma shi da kansa ya tsallake katanga sau 7, abin da ba a saba gani ga majefi ba. Duke Snider ya tsallake sau 42, ya shigo da ci 136, ya fi kowa a rukuni. Campanella ya warke, ya tsallake sau 32, aka ba shi gwarzon rukuni karo na uku. Gil Hodges na zangon farko ya yi 27, Carl Furillo 26. Da ciwo ya kama majefa a tsakiyar shekara, aka ɗauko yara daga ƙananan ƙungiyoyi, cikinsu har da Roger Craig, suka riƙe. Ran 8 ga Satumba lissafi ya nuna ba mai iya cim musu, kuma ba a taɓa gama gasar Rukunin Ƙasa da wuri haka ba. Suka ƙare da nasara 98, faɗuwa 55, tazarar wasa 13 da rabi tsakaninsu da Milwaukee ta biyu. Sun fi kowa ci, an kuma fi ƙarancin cin su.

Duk da haka mutanen Brooklyn ba su saki jiki ba, gama wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Zakaran ɗaya rukunin Yankees ne har wa yau, ƙarƙashin tsohon manajansu Casey Stengel.

Kwana bakwai na kaka

An fara ran 28 ga Satumba a filin Yankees. Aka ci Newcombe 6 da 5, bai kuma sake jifa a gasar ba. Amma a turmi na takwas Robinson, yana zango na uku, ya yi abin da ake kira satar gida, watau ya tasar wa gida a guje tun ƙwallo na hannun majefi, ya zame a ƙasa ya taɓa. Alƙali ya ce ya shiga. Macafin Yankees, Yogi Berra, ya yi tsalle yana musu, kuma bai bar musun nan ba har ƙarshen ransa. Kashegari Yankees suka sake ci, 4 da 2. Har zuwa lokacin ba a taɓa samun ƙungiyar da ta faɗi wasa biyu na farko a gasar wasa bakwai ta komo ta ci ba.

Aka koma Ebbets. Alston ya miƙa ƙwallo ga Johnny Podres, bahago, ɗan mai haƙar ma'adini, wanda a shekarar ya ci 9 ya faɗi 10, ranar kuwa, 30 ga Satumba, ya cika shekara 23. Ya ci 8 da 3. Suka ci na huɗu 8 da 5, suka ci na biyar 5 da 3, Snider ya tsallake katanga sau biyu, Craig ya yi jifa. Da aka koma filin Yankees, babban majefinsu Whitey Ford ya riƙe su 5 da 1. Uku da uku ke nan, saura wasa ɗaya.

Ran 4 ga Oktoba mutum fiye da 62,000 suka cika filin Yankees. Robinson na gefe da ciwon ƙafa. Alston ya sake ba Podres ƙwallo. A turmi na huɗu Campanella ya kai zango, Hodges ya buga ya shigo da shi. A na shida Hodges ya sake shigo da shugaban 'yan wasa, Pee Wee Reese, 2 da babu. A cikin turmin nan ne Alston ya yi sauyi, ya matso da Gilliam daga bayan fili na hagu zuwa zango na biyu, ya sa Amorós a gurbinsa. Nan da nan Yankees suka sa mutum biyu a zango, Billy Martin a na biyu, Gil McDougald a na farko, ba a kashe kowa ba, ga Berra da kulki. Da yake Berra yakan ja bugunsa dama ne, Amorós ya matsa can tsakiya. Sai Berra ya yanko ƙwallo sama zuwa can kusurwar hagu, inda ba kowa. Da ya faɗi ƙasa, da mutum biyun nan sun shigo an yi kunnen doki. Amorós ya sheƙa da gudu, ya kusa cin karo da shinge, ya miƙe hannunsa na dama iyakar tsawonsa, ƙwallo ya faɗa cikin safar fatarsa. Shi bahago ne, safarsa a hannun dama take, ɓangaren da ƙwallon ya sauka, Gilliam kuwa tasa a hagu take, shi ya sa masana da yawa suka ce da ba a yi sauyin ba da ba a cafe ba. Ƙa'ida ita ce in an cafe, kowa ya koma zangon da ya baro. McDougald kuwa ya riga ya yi nisa. Amorós ya juya ya jefa wa Reese, Reese ya jefa wa Hodges a zangon farko, aka kashe biyu a lokaci guda.

Yankees sun sami bugu takwas a kan Podres ranar, ba ko ɗaya da ya kai su gida. A turmi na tara Elston Howard ya buga a ƙasa, ƙwallo ya nufi Reese, wanda ya ga faɗuwa biyar ɗin nan duka da idonsa tun 1941, ya ɗauka ya jefa wa Hodges, wasa ya ƙare 2 da babu. Brooklyn ta ɓarke, ana buga ƙararrawa da tukwane da ƙahon mota, ana rawa a tituna har dare ya raba. Kowane ɗan wasa ya sami rabon dala 9,768, Podres kuma aka ba shi mota, shi ne na farko da aka ba kyautar gwarzon Gasar Duniya. Mai haƙuri ya dafa dutse, ya sha romonsa.

Lissafin mai kanti

Yayin da jama'a ke murna, O'Malley na duba littafi. A 1947 mutum miliyan ɗaya da dubu ɗari takwas suka biya kuɗin ƙofa a Ebbets, a 1955 kuwa, shekarar nasara, miliyan ɗaya ne da 'yan kai. Masu hali sun ƙaura bayan gari, suna zuwa da mota, filin kuwa ba shi da wurin ajiye mota fiye da wajen 700, ga talabijin ta shiga gidaje. Ƙungiyar Braves, wadda ta bar Boston ta koma Milwaukee a 1953, ta tara miliyan biyu a shekarar nan. Dodgers na cin riba, amma shi yana hangen wadda ta fi. Ya nemi hukumar birni ta taimake shi ya sami wani fili kusa da babbar tashar jirgin ƙasa ta Brooklyn ya gina sabon dandali, babban jami'in gine-gine, Robert Moses, ya ƙi, ya nuna masa wani wuri a unguwar Queens, shi kuma ya ƙi. Birnin Los Anjalis na Kalifoniya ya yi masa tayin eka wajen 300, ya karɓa.

A 1956 Dodgers suka sake kai wa Gasar Duniya, Yankees suka rama a wasa na bakwai. A ƙarshen shekarar aka sayar da Robinson ga Giants, ya zaɓi ya bar wasa. Ran 24 ga Satumba 1957 aka yi wasan ƙarshe a Ebbets. A Janairun 1958 Campanella ya yi hatsarin mota, jikinsa ya shanye, bai sake tafiya da ƙafarsa ba. A shekarar nan ƙungiya ta koma Los Anjalis, ta ci sarauta a 1959, a 1962 kuma, da aka buɗe sabon dandali, mutum fiye da miliyan biyu da dubu ɗari bakwai suka biya ƙofa. Lissafin O'Malley ya fita. Mutanen Brooklyn da suka yi shekara da shekaru suna biyan ƙofa suna jiran baɗi, ba wanda ya shawarce su, gama ƙungiyar da suke kira tasu a takarda ta masu jari ce.

A 1960 aka rushe filin Ebbets, aka gina benayen haya a wurin. Robinson ya rasu a 1972, a 1997 kuma aka hana kowace babbar ƙungiya sake ba wani lambar rigarsa, 42, don girmama shi. Sarautar 1955 ita ce ta fari ga Brooklyn, ita ce kuma ta ƙarshe.

Tamat.